Kafin A Sayi Motar Gudu Mai Injin Rotari Da Giyar Atomatik

 Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwanan yara maza ya san cewa da zarar an kashe fitila, hira ba ta wuce abu biyu, ƙwallo da mota. Kowa da irin motar da yake cewa zai saya in ya gama makaranta ya kama aiki. To, daga cikin motocin da sukan tayar da gardama a irin wannan hira akwai wata 'yar gajeriyar motar gudu ta ƙasar Japan mai suna Mazda RX-8. Kyakkyawa ce ƙwarai, ƙofofinta na baya suna buɗewa ne ta baya, ba ginshiƙi a tsakani, kuma kukan injinta dabam yake da na sauran motoci. Abin da ya fi jan hankalin samari kuwa shi ne araharta a kasuwar motocin hannu, musamman mai giyar atomatik, watau wadda ke canza giya da kanta.

Amma fa Hausawa sun ce araha ba ta ado. In ka ga mota mai kyau haka ana sayar da ita da kuɗin da bai kai na tsararrakinta ba, to, akwai dalili. Dalilin yana ƙarƙashin bonet, kuma shi nake so in bayyana, domin wata rana ɗayanmu ko wani yayanmu zai zo wa Baba da maganar a taimaka masa ya saya, ya kamata a san abin da za a zuba wa kuɗi.

YADDA INJIN YAKE AIKI

Injin motocin da muka saba gani yana da fistin, wanda ke hawa da sauka a cikin silinda kamar taɓarya a cikin turmi. Aiki huɗu yake yi bi da bi: ya shaƙi iska da fetur, ya matse su, fulogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sa'an nan ya kori hayaƙin waje. Wannan hawa da sauka shi karanshaf ke mayarwa juyi, har ya kai ga taya.

Injin rotari ba shi da fistin ko ɗaya. A maimakonsa akwai wani ɗaki mai kama da kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu, sai dai tsakiyarsa ba ta tsuke sosai ba. A cikin ɗakin nan an sa wani ƙarfe mai kusurwa uku, gefunansa da ɗan ƙumburi, wanda ake kira rota. Kusurwoyin nan uku kullum suna manne da bango, saboda haka sun raba ɗakin gida uku. Yayin da rota ke kewayawa, kowane gida yakan buɗe ya shaƙi iska da fetur, ya tsuke ya matse su, ya iso wurin fulogi wuta ta kama, sa'an nan ya wuce ya zubar da hayaƙi. Watau aikin nan huɗu ana yinsa a wuri uku lokaci guda. In rota ya kewaya sau ɗaya, sandar injin ta juya sau uku.

Amfanin wannan dabara a fili yake. Injin ƙarami ne, ba shi da nauyi, ba bawul, ba kamshaf. A injin RX-8 manyan abubuwan da ke motsi uku ne kacal, rota biyu da sanda ɗaya. Girmansa duka lita 1.3 ne, amma yana iya ba da ƙarfin doki fiye da 200, kuma ba ya jijjiga ko da yana juyi da sauri.

To, ina matsalar take? Tana a kusurwoyin nan uku. A kan kowace kusurwa akwai wani ɗan siririn ƙarfe da makanikai ke kira sil, wanda aikinsa daidai yake da na ringi a jikin fistin, watau ya hana iskar da aka matse tserewa. Sil ɗin nan yana gogar bango ba hutu, ta wajen sanyi ya wuce, ta wajen wuta ya wuce. In ya cinye, ko ya maƙale, ko ya karye, matsi ya tafi, inji kuwa in ba matsi ba ƙarfi. Gyaransa sai an sauke injin gaba ɗaya an warware shi.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Wani injiniya Bajamushe ne, Felix Wankel, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1988, ya ƙago wannan dabara, shi ya sa ake kuma kiran injin da sunansa. Ya yi aiki tare da kamfanin NSU na Jamus, inda aka tayar da injin farko a 1957. A 1964 suka fitar da wata ƙaramar mota mai suna Spider, sa'an nan a 1967 suka fitar da Ro 80, wadda ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1968. Ita ma Ro 80 ba ta da fedar kuloci, giyarta rabin atomatik ce. Ba a daɗe ba sai sil ɗin injinanta suka fara cinyewa, wasu tun motar ba ta yi tafiyar kilomita 50,000 ba. Kamfanin ya yi ta sauya wa masu saye inji a kyauta har aljihunsa ya girgiza, a 1969 Volkswagen ya karɓe shi aka haɗa shi da Auto Union, haɗin da ya zama Audi ta yau. An gyara sil ɗin daga baya, amma sunan motar ya riga ya ɓaci, aka daina yinta a 1977.

Mutanen Japan su ne suka jure. Kamfanin Mazda na birnin Hiroshima ya sayi iznin yin injin a 1961, a 1963 kuma ya kafa sashen bincike a ƙarƙashin wani injiniya mai suna Kenichi Yamamoto. Babbar wahalar da suka sha ita ce zanen da sil ke bari a bangon ɗakin rota, har sai da suka sami irin sil ɗin da ya dace. A 1967 suka fitar da Cosmo Sport. Daga 1978 zuwa 2002 suka yi RX-7, wadda aka ƙera fiye da 800,000. A 1991 motarsu ta tsere 787B, mai rota huɗu, ta ci tseren sa'a 24 na Le Mans a Faransa. Ashe ke nan injin da aka kula da shi yana iya kwana ya wuni yana gudu bai gaza ba.

RX-8 ta fito a 2003. Aka daina sayar da ita a Turai a 2010 domin hayaƙinta bai cika sabuwar ƙa'ida ba, aka daina ƙera ta ɗungum a 2012. A 2023 Mazda ya dawo da injin rotari a cikin wata mota mai suna MX-30, amma a can aikinsa kawai ya juya janareta ya ba da lantarki. Saboda haka duk mai neman motar gudu mai wannan inji, tsohuwa zai saya, ƙaramar cikinsu ma ta haura shekara goma. Kuma yana da kyau a sani cewa a Amurka kamfanin ya tsawaita garantin injin RX-8 na shekarun 2004 zuwa 2008 har zuwa shekara 8 ko mil 100,000, watau wajen kilomita 160,000. Kamfani ba ya yin haka banza. Wannan garanti kuwa ya daɗe da ƙarewa, yanzu ɗawainiyar tana kan mai saye.

ABUBUWA HUƊU DA INJIN KE BUKATA

Na farko, baƙin mai. A sauran motoci in inji yana shan baƙin mai, an ce ya lalace. A rotari kuwa da gangan aka yi shi haka. Akwai wani ɗan famfo da ke ɗiga mai a cikin ɗakin rota domin ya jiƙa sil, man kuma ya ƙone tare da fetur. Shi ya sa ake so mai motar ya duba mai duk bayan shan fetur na biyu, ya ƙara in ya ragu. Wanda ya saba da motar da ba a buɗe bonet sai ranar juye, to, zai kashe wannan inji bai sani ba.

Na biyu, wuta mai ƙarfi. Kowane rota yana da fulogi biyu, kowane fulogi da koyil ɗinsa, watau huɗu-huɗu ke nan. Koyil ɗin RX-8 sukan raunana sannu a hankali, masu motar da yawa kan sauya su da fulogi wajen kowane kilomita 50,000. In wuta ta yi rauni, fetur ba ya ƙonewa duka, sai ya wuce cikin salansa ya ƙone a matatar hayaƙi, ta narke ta toshe, zafi ya komo wa inji. Kun ga ƙaramin abu ya jawo babba.

Na uku, ruwa. An jera injin ne kamar faifai a kan faifai, na alminiyum a tsakanin na baƙin ƙarfe, da zoben roba a tsakaninsu mai tsare ruwa. In ya yi zafi fiye da kima, ko da sau ɗaya ne, faifan na iya lanƙwasa ruwa ya shiga inda bai kamata ba.

Na huɗu, motsa jiki. Wannan shi ne abin mamaki. Tun da injin yana ƙona mai, kunkunniya, wadda makanikai ke kira kabon, takan taru a cikinsa ta maƙale sil. Maganinta shi ne in injin ya ɗumama sosai, a riƙa barinsa ya yi juyi da sauri lokaci lokaci, domin zafin ya ƙone ta. Motar da kullum daga gida sai kasuwa, a hankali, injin bai ko ɗumama ba an kashe, ita ce ta fi saurin tsufa. Daɗin daɗawa, in aka tayar da injin da sanyi aka kashe nan take, misali don a gyara wa wani hanya ya fita, fetur yakan jiƙa fulogi ya wanke man da ke jikin sil, a dawo a yi ta kik ta ƙi tashi.

ME YA SA ATOMATIK TA FI BAN TSORO?

Yanzu mun zo kan gaɓar magana. Mota mai giyar atomatik ba ta da kuloci irin wanda ake takawa. A madadinsa akwai wata tukunya cike da mai, da fanka biyu suna fuskantar juna, ta wajen inji ta kaɗa man, man ya kaɗa ta wajen giya. Wannan tukunya ba ta jure juyin da injin rotari ke iya yi. Saboda haka yayin da RX-8 mai giyar hannu shida ke kai juyi 9,000 a minti, an tsayar da ta atomatik a 7,500.

Da juyi ya ragu, ƙarfi ma ya ragu. A kasuwar Amurka, ta 2004 mai giyar hannu tana da ƙarfin doki 238, ta atomatik kuwa 197, giyarta huɗu kacal, injinta kuma mai ƙofofin shan iska huɗu ne maimakon shida. Har wa yau waɗannan na farko an sa musu ƙaramin lagireto ɗaya ne na sanyaya baƙin mai, alhali mai giyar hannu shida tana da biyu. Daga 2006 aka kawo atomatik mai giya shida da ƙarfin doki 212. A samfurin 2009 kuma aka ƙara wa kowane rota bututu na uku mai ɗiga mai, domin tsakiyar sil ta riƙa samun rabonta. Saboda haka in ana maganar atomatik, shekarar motar tana da muhimmanci ƙwarai, ta bayan 2009 ta fi ta 2004 kwanciyar hankali.

Amma babban abin shi ne halin giyar kanta. An yi ta ne ta riƙa hawa babbar giya da wuri domin a tsimi fetur, saboda haka in an bar ta yadda take so, injin zai wuni yana juyi a hankali, abin da muka ce yana tara masa kunkunniya. Kuma sau da yawa wanda ya zaɓi atomatik ya zaɓe ta ne domin zirga-zirgar cikin gari da cunkoso, ba ruwansa da taka totur. Giyar ba kasafai ita ce ke lalacewa ba, injin da ke gabanta shi ke shan wahala a ɓoye. Ana iya rage wannan, domin sandar giyar tana da wurin da direba zai canza da hannunsa ya bar injin ya yi juyi. Tambayar ita ce, wanda ya riƙe motar shekara goma kafin kai, ya yi hakan?

Akwai kuma wani ƙaramin bambanci. In mai giyar hannu ta ƙi tashi saboda fetur ya jiƙa ta, a wani lokaci akan ja ta da wata mota a sa giya ta tashi. Atomatik ba ta tashi da turi. Abin da ya rage shi ne a danne totur har ƙasa a yi kik, domin hakan yana yanke fetur, in ya ƙi sai a kwance fulogi a busar.

Ita ma RX-7 ta ƙarshe, wadda aka yi daga 1991 zuwa 2002, akwai mai atomatik giya huɗu. Sai dai ta fi tsufa, tana da tabo guda biyu masu cusa wa inji iska, da tarin ƙananan tiyo waɗanda zafi kan busar, saboda haka duk abin da na faɗa ya shafe ta, har da ƙari.

ABIN DA ZA A DUBA KAFIN A BIYA

Gani ya kori ji, kada a yarda da daɗin bakin dillali. Abu na farko shi ne awon matsi. Ma'aunin da ake amfani da shi a injin fistin ba ya ba da cikakken bayani a nan, domin kowane rota yana da fuska uku, ana bukatar na'urar da za ta nuna lamba shida, tare da saurin juyin kik, kuma injin yana da zafi. Ga RX-8, littafin gyara na kamfanin ya sa 830 kPa a matsayin lafiya, 680 kPa kuma mafi ƙaranci, a juyi 250 a minti. In mai sayarwa ya ƙi yarda a auna, to, ya riga ya ba ka amsa.

Na biyu, a tuƙa motar har ta yi zafi sosai, a kashe, a ɗan jira kaɗan, a sake tayarwa. Injin da matsinsa ya ragu yakan tashi lafiya da sanyi, amma da zafi sai ya yi ta jan kik. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo.

Na uku, a zo da sassafe a ga tashinta na farko. Farin hayaƙi mai yawa da ba ya tsayawa, ko ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, alama ce ta zoben ruwa ya mutu.

Na huɗu, a tambayi mai ita sau nawa yake ƙara baƙin mai. In ya buga ƙirji ya ce motarsa ba ta shan mai ko kaɗan, to, ko dai bai taɓa dubawa ba, ko famfon ɗiga mai ya daina aiki. Duka biyun ba labari mai daɗi ba ne.

Na biyar, a nemi takardun gyara. Yaushe aka sauya koyil da fulogi? An taɓa sauya injin, ko an warware shi, kuma wa ya yi? A kan hanya kuma a lura ko giya tana shiga sumul ba fizga, a ga kuma ko motar tana ja har ƙarshen juyinta ba ta shaƙe ba.

Na shida, a yi lissafin fetur. Awon hukumar kula da muhalli ta Amurka ya nuna tana yin wajen kilomita 7 da lita ɗaya a cikin gari, ƙasa da 10 a babbar hanya. Ƙaramin inji ne, amma cikinsa na babba ne.

Ga wanda zai kawo irin wannan mota ƙasarmu akwai ƙarin tunani. A watannin bazara zafi yakan haura digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri, ga ƙurar hunturu mai toshe matatar iska da lagireto, injin nan kuwa mun ga ba ya wasa da zafi. Sa'an nan makanikanmu, duk da gwanintarsu, a kan injin fistin suka koyi sana'a. Kafin a sayi motar, a fara neman wanda ya taɓa buɗe rotari, da inda za a sami kayan gyaranta, kada a sayi doki ba a san inda za a sami ciyawa ba.

TO, A SAYA KO A BARI?

Ban ce motar banza ce ba. Akwai masu ita da suka yi shekaru suna jin daɗinta, domin sun san halinta sun bi ta da shi. Abin da nake cewa shi ne, mai sayen tsohuwar rotari yana sayen halin wanda ya riƙe ta kafin shi ne, atomatik kuwa ita ce ta fi faɗawa hannun waɗanda ba su san bukatarta ba. Wanda yake da wata motar zuwa aiki, yake son buɗe bonet, ya kuma ajiye kuɗin gyaran inji a gefe tun ran saye, to, ya nemi mai giya shida ta shekarun baya-bayan nan, ya auna matsi, ya saya da idonsa a buɗe. Wanda kuwa duk abin da ya tara ke nan, ko bashi zai ci, ko motar ce za ta kai ƙannensa makaranta ta kai Inna asibiti, gara ya nemi wadda kowane gareji ya san ta.

Iyayenmu, in ɗanku ya zo muku da hoton irin wannan mota, ku tambaye shi lambobin nan shida na awon matsi, da sunan makanikin da zai gyara ta. In ya kawo, ya yi shiri. In ya tsaya sosa ƙeya, a ce masa ya ƙara bincike. Mu kuma 'yan'uwana, mu ci gaba da gardamarmu ta dare, amma mu riƙa tunawa da cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Nan zan dakata, sai wani jiƙon.